Zuciyar bakwaini bayan ya girma, me likitoci suka gani a ciki?

Assalamu alaikum jama'a. A dangin kowa a Kaduna da wuya ka rasa wanda za a nuna maka a ce ai wannan bakwaini ne, sai da yayi makonni a kwalba, yau gashi nan ya zama ƙato yana buga ƙwallo da yamma. Mu dai da yaro ya fito daga kwalba ya kama nono sai mu ce Alhamdulillah an tsallake. An tsallake ɗin kam, amma zuciyarshi tana ɗauke da tarihin wannan haihuwar har girma.

A wajen likitoci duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika sati 37 yazo da wuri, ba sai ɗan wata bakwai ba. Hukumar lafiya ta duniya tace a 2020 jarirai miliyan 13.4 aka haifa haka, kusan ɗaya cikin goma kenan, kuma Najeriya tana sahun gaba.

Toh me yake faruwa? A watannin ƙarshe na ciki ƙwayoyin tsokar zuciya suna ta rabuwa suna ƙara yawa, kuma a lokacin jariri baya numfashi da huhunshi, mabiyiya ce take kawo mishi iska ta jinin uwa. Da an haihu an yanke cibi komai ya juya, huhu ya buɗe, ɓangaren hagu na zuciya dole ya tura jini da ƙarfin da bai saba ba, su kuma ƙwayoyin nan yawancinsu sai su daina rabuwa su koma kumbura kawai. Idan wannan ya faru a sati 30 maimakon 40, kaga an ɗora mata aiki ba a gama gininta ba. Kamar magini ne a ce mishi gobe amarya zata tare, sai ya rufe ɗakin a yadda yake, bango yayi kauri amma cikin ɗakin ya matse.

Kuma an ga haka da ido. A 2013 masu bincike a jami'ar Oxford a Ingila suka yi amfani da MRI, na'urar da take ɗaukar hoton cikin jiki, suka ɗauki hoton zuciyar matasa 102 da aka haifa kafin lokaci suka kwatanta da na waɗanda cikinsu ya cika. Tsokar ta fi nauyi, ramin da jini yake taruwa ya fi ƙanƙanta kuma ya fi gajarta, ɓangaren dama mai tura jini zuwa huhu ma shi abin yafi taɓawa. Kuma gwargwadon saurin haihuwar gwargwadon bambancin. Irin waɗannan matasan fa lafiyarsu ƙalau a ido, sai an sa mutum tuƙa keken gwaji ne ake ganin zuciyar bata iya ƙara ƙarfin bugu kamar ta sauran.

A Suwidin kuma an bi bayanan mutum sama da miliyan biyu da rabi, a 2017 aka fitar da sakamako cewa waɗanda aka haifa ƙasa da sati 28 haɗarin gazawar zuciya a yarinta da ƙuruciya ya ninka kusan sau 17. Dan Allah kar lambar nan ta ɗaga hankalin wata uwa, ciwon dama can ba kasafai yake samun matashi ba, ko an ninka shi mafi yawansu basa kamuwa. Wanda yafi damuna shine hawan jini, dan shi yafi yawa kuma baya sallama. Ƙoda ma sai wajen sati 36 take gama ƙera matatanta, to ƙoda mai ƙarancin matata ga jijiyoyi masu ɗan tauri, jini sai ya riƙa hawa a hankali tun mutum yana saurayi.

Shi yasa nake roƙon iyaye mata, Mama ki gaya wa ɗanki ko 'yarki a wata nawa kika haife su, ba abin kunya bane. Kai kuma in kaje asibiti ka faɗa wa likita ko bai tambaya ba, dan babban mutum ba a cika tambayarshi wannan ba. Ka riƙa awon jini ko a kemis ne, ka rage gishiri da magi, sigari da shisha kuma ka barsu gaba ɗaya. Motsa jiki kar ka fasa, amma in kana haki fiye da sa'anninka ko ƙafa tana kumbura, kaje asibitin Barau Dikko ko na Shika a maka hoton zuciya. Mace bakwaini in ta samu ciki ta fara awo da wuri ta faɗa musu, saboda hawan jinin masu ciki.

Wacce kuma jaririnta yake kwalba yanzu haka, waɗancan masu binciken na Oxford sun gano a 2016 cewa bakwainin da aka shayar da nonon uwa zalla girman zuciyarsu yafi kusa da daidai akan waɗanda aka ba madarar gwangwani. Ko bai iya kamawa ba ki tatsa, ma'aikatan jinya zasu bashi ta robar hanci ko da ɗan kofi.