Wasannin gem na 2023 a mudun Katsina: waɗanda suka biya kuɗinsu da waɗanda suka ci amana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu waiwayi shekarar 2023, mu baje wasannin gem ɗin da suka fito a cikinta, mu raba aya da tsakuwa.

Sai dai da mudun Katsina za mu yi awon. Ranar 7 ga Disamba, a birnin Los Angeles na Amurka, bikin The Game Awards ya ba Baldur's Gate 3 kambun gwarzon wasan shekara. Waɗanda suka yi zaɓen suna da wuta dare da rana, ga intanet ba ƙaƙƙautawa. Mai gidan gem a Ƙofar Ƙaura ko Sabuwar Unguwa, ko wanda ke da shago a Daura, tambayoyinsa daban ne. Wasan zai hau PS4, tunda ita ta fi yawa a hannun mutanenmu? Zai buɗe ba tare da intanet ba? Mutum biyu za su iya zama gaban talabijin ɗaya su kara? Data nawa zai sha kafin a fara? Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, duk awar da janareta ya yi yana ruri ana jiran wasa ya gama sauka, asara ce tsagwaronta.

A wannan mudun, Street Fighter 6 ne zakaranmu. Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da shi ranar 2 ga Yuni, a PS4 da PS5 duka, da 'yan dambe 18. Ka sa faifai, ka jona hannu biyu, shi ke nan an fara.

Abin da ya ɗaga shi sama shi ne yadda ya buɗe wa sabon shiga ƙofa. A da sai ka iya murza sanda rabin da'ira ko kwata kafin ka saki wuta. Yanzu akwai tsarin danne-danne uku, Classic da Modern da Dynamic. A Modern, tirayangul kaɗai ke fitar da babban bugu, ka haɗa shi da gaba ko baya ko ƙasa ya ba ka wani daban. Amma ba kyauta ba ne: bugun da aka fitar ta wannan gajeriyar hanya yana rasa kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsa. Wato yaron da ya riƙe hannu yau zai iya tsayawa gaban gwani, shi kuma gwanin bai yi asarar wahalar koyonsa ba. A gidan gem wannan babban abu ne, domin wanda ake lallasawa kullum ba ya dawowa.

Ku dubi koren layin nan da ke ƙarƙashin layin rai. Drive Gauge ke nan, gida shida ne. Drive Impact, wanda ke kan L1 a Modern, yana cin gida ɗaya, yana shanye bugu biyu ya wuce ya tunkuɗe abokin karawa. Drive Parry yana kan R1, yana zuƙe layin muddin kana riƙe da shi. Ƙarfafa babban bugu gida biyu ne, katse bugu da Drive Rush kuwa gida uku. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya yi ta ɓarin layin har ya ƙare. Da ya ƙare, ɗan dambenka ya shiga Burnout: ko ka kare, manyan bugu suna gutsurar ranka, kuma in aka matse ka a lungu aka sakar maka Drive Impact, sai ya jirkice ya tsaya a yi masa yadda aka ga dama. Saboda haka kada ka bari layin ya sauko ƙasa da gida biyu sai in bugun ƙarshe za ka yi. Shi kuma mai yawan danna L1, maganinsa uku ne. Da ka ga fentin nan ya fantsama, ka mayar masa da naka Drive Impact ɗin, na baya ne ke cin na farko. Ko ka cafke shi ka kayar. Ko ka jera masa bugu uku masu sauri, na ukun zai fasa sulken.

Na biyu a wurinmu Resident Evil 4 ne, sabon ginin wasan 2005, ya fito ranar 24 ga Maris, shi ma ya hau PS4. Na mutum ɗaya ne, babi 16, ba ruwansa da intanet. Leon ne aka tura wani ƙauye a Sifaniya ya ceto Ashley, 'yar shugaban ƙasar Amurka. A PS4 hoton bai kai na PS5 kaifi ba, kuma akan ɗan jira kafin wuri ya buɗe, amma wasan cikakke ne.

Mutane da yawa a faɗan farko na tsakiyar ƙauye suke maƙalewa, don suna zaton sai sun kashe kowa. Ba haka ba ne. Ka yi ta zagaye kana tsira da ranka har a buga ƙararrawar coci, duk za su watse. Akwai babbar bindiga mai watsa harsashi a saman benen gidan nan mai hawa biyu, ka haura ka ɗauko. Harsashi kuma ba a ɓarnarsa: harbi ɗaya ko biyu a kai ko a gwiwa, in mutum ya yi tangaɗi ka matsa ka sa masa ƙafa, ƙafar takan haɗa da na kusa da shi. Wuƙa yanzu tana kare sara in ka danna L1 daidai lokacin da makami ya taho, har zarton injin nan tana tarewa, sai dai tana dakushewa ta karye, don haka duk sanda ka iske ɗan kasuwa ka fara gyara ta kafin ka sayi komai. Ganyen magani a haɗa kore da ja da rawaya, rawayan ne ke ƙara tsawon layin rai. Kayan ado masu gurabe kuwa kada ka sayar da su fanko, ka cike guraben da duwatsu tukuna, kuɗin ya fi yawa nesa ba kusa ba. Abu ɗaya da za a kiyaye: lamba 18 ce, wato shekarun da aka ƙayyade, a jikin kwalinsa na Turai, jini ya yi yawa, ba na ƙananan yara ba ne.

Sai ƙwallo, wadda ita ce tuwon gidan gem. Bayan kusan shekara 30 tare, kamfanin EA da hukumar FIFA sun raba gari, wasan ya koma EA Sports FC 24, ya fito ranar 29 ga Satumba da hoton Haaland a kwali. Gaskiyar magana, mai PS4 bai sami sabon abu mai yawa ba. Fasahar motsin 'yan wasa da aka yi ta talla, HyperMotionV, tana PS5 da sababbin Xbox da kwamfuta ne kawai. Abin da ya iso PS4 mai amfani shi ne PlayStyles, wato baiwar da kowane ɗan wasa ya keɓanta da ita, mai alamar zinare ita ce mafi ƙarfi. Kafin a take wasa, ka leƙa 'yan gabanka: mai baiwar Finesse Shot ka lanƙwasa da R1 da da'ira daga gefen sha takwas, mai Power Shot ka haɗa L1 da R1 da da'ira, amma sai da fili a gabansa, domin yana ɗaukar lokaci kafin ƙafar ta sauka, mai tsaron baya zai iya ƙwacewa. Mun sa FC 24 a tsakiya. Mai FIFA 23 da ke buga na zaune kawai bai yi babban rashi ba, illa sauyin 'yan wasa.

Inda muke jan kunne shi ne Ultimate Team, ɓangaren FC 24 da ake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa. Ka biya kuɗi ka buɗe ƙunshi ba ka san wanda zai fito ba. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ɗauki irin wannan a matsayin caca, har EA ya daina sayar da makin da ake buɗe ƙunshin da shi a can a farkon 2019. Iyaye da yayye su lura da abin da yara ke zuba wa kuɗi. Shi kuwa eFootball 2024 kyauta ne, taɓa ƙwallonsa da daɗi, amma rayuwarsa a intanet take, ƙungiyoyin da ake bugawa ba intanet kaɗan ne, Master League ɗin da aka yi alkawari, wato tsarin jagorantar ƙungiya kaka bayan kaka, har shekara ta ƙare bai zo ba. Shi ya sa PES 2021, magabacin eFootball, bai bar shaguna ba.

Baldur's Gate 3 ya cancanci kambunsa, kamfanin Larian na Beljiyam ya yi aiki. Amma ba ya hawa PS4, ya haura GB 100, faɗansa bi da bi ne ana jefa ɗan lido mai fuska 20, kuma rabin daɗinsa karatun Turanci ne. Akwai tsiraici a ciki, duk da akwai wurin rufe shi a saiti, bai dace da allon shago ba. Spider-Man 2 na ranar 20 ga Oktoba a PS5 kaɗai ya fito a lokacin. Wanda ya fi burge mu cikin waɗannan shi ne Zelda: Tears of the Kingdom, duk faɗin duniyarsa kusan GB 16 ne, kuma Switch, na'urar Nintendo da ake buga shi a kanta, tana da batir, ko an ɗauke wuta wasa bai tsaya ba. Matsalar ita ce Switch ɗin ba ta yawaita a nan ba.

Mu koma ga waɗanda suka ci amana. Call of Duty: Modern Warfare III, na ranar 10 ga Nuwamba, shi ya fi ba mu takaici, domin dala 70 aka sa masa. Labarin ana gama shi cikin awa huɗu zuwa biyar, wasu babobin fili ne kawai aka sake ka a ciki irin na Warzone, wasansu na intanet mai faffadan fili, filayen karawa 16 da ya zo da su kuma duk tsofaffin na 2009 ne aka yi wa kwaskwarima. Ga shi sai ta cikin manhajar COD HQ ake shiga, nauyin ya haura GB 100. PS4 mai GB 500 abin da take ba ka a zahiri ɗan sama da 400 ne, ka ga wasa ɗaya ya cinye kwata ko fiye.

Mortal Kombat 1 wasa ne mai kyau, amma ya tsallake PS4, na Switch kuma ya fito da fuskoki a jagule a kan cikakken farashi. The Lord of the Rings: Gollum, na ranar 25 ga Mayu, ya zo da tsalle marar saiti da yawan sandarewa, har kamfanin Daedalic na Jamus ya nemi afuwa, daga baya ya daina ƙera wasanni da kansa. Redfall lokacin da ya fito ya dage sai da intanet ko kai kaɗai kake bugawa. Mafi muni shi ne The Day Before: shekaru ana nuna bidiyon talla mai ɗaukar ido, ya fito ranar 7 ga Disamba ba shi da alaƙa da abin da aka nuna, kwana huɗu bayan nan kamfanin Fntastic ya ce ya rufe. Kada a biya kuɗin wasa kafin ya fito. A jira mako guda, a kalli mutum na gaske yana buga shi a irin na'urar da ake da ita.

Yanzu ga abin da zai tsare maka data da na'ura, ko wane wasa ka zaɓa. A PS4 ka shiga Settings, System, Automatic Downloads, ka cire alamar da ke kan Application Update Files, in ba haka ba da ka jona wayarka za ta fara zuƙa ba sallama. Sabuntawa a PS4 takan nemi fili mai yawa fiye da girmanta, domin na'urar tana kwafe fayil ɗin wasan ne ta liƙa sabon a ciki, shi ya sa take cewa ba wuri alhali kana ganin saura. Maganinsa ma'ajiyar waje, wato hard disk, mai USB 3.0, daga GB 250 zuwa TB 8. Sannan Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da shagon PlayStation, yawanci asusun Amurka ko Ingila ake buɗewa. Faifai kowanne zai hau, amma ƙarin da za ka saya, kamar Rashid a Street Fighter 6 ko Separate Ways a Resident Evil 4, sai yankin asusun ya dace da na faifan. Kwali mai alamar ESRB na Amurka ne, mai PEGI na Turai. Ka saɓa, kuɗin sun tafi, ƙarin ba zai buɗe ba.

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye wasa ita ke lalata fayil. Ƙaramin UPS ya isa ya ba ka mintunan kashewa, ka dai tuna PS5 tana jan kusan wat 200 in wasa ya yi zafi, PS4 Slim kusan rabin haka. In fitilar na'ura ta yi ruwan lemo ba a kashe take ba, barci take, kada a zare waya. In wasa a PS4 ya fara fita da kansa yana nuna CE-34878-0, ka kashe na'urar gaba ɗaya, ka danne maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa bakwai, ka jona hannu da wayar USB, ka zaɓi lamba 5, Rebuild Database. Ba ya goge wasanni. Lamba 6 da 7 su ne masu share komai, a yi hattara da su.

In hunturu ya shigo, ƙura ko'ina. In PS4 ta fara ƙugi kamar injin niƙa, ƙura ce ta toshe ragar da ke bayan fanka. Murfin saman Slim da hannu ake ɗaga shi daga kusurwoyin gaba, ba sai an kwance noti ba. Ka zare wuta, ka dafe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da busasshen buroshi mai laushi, ka hure. Ka ɗauke na'urar daga ƙasa ka ɗora a kan tebur, ka bar mata aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango, in an tashi daga shago kuma a lulluɓe ta da ƙyalle bayan ta huce.