Yaronmu ya sauka a Gabdos, asusu kuma babu kome

Jama'a, a dakata da hirar bayan nan. Rahoton sakatare zai jira, wannan maganar ba ta jira.

Ƙanin ma'ajin ƙungiyarmu ya tsallako teku daga Libiya. Ya kira yayansa da wayar aro, ya ce jirginsu ya tsaya a wani tsibiri wai shi Gabdos, sai layi ya yanke. Tun ranar shiru. Mahaifiyarsu tana kira daga Maraɗi safe da yamma, ga bawan Allah nan zaune a gabanku, bai san abin da zai ce mata ba.

Wasunmu sun tsufa a nan Atina, babban birnin Girka, ba su taɓa jin sunan wurin ba, to ku saurara. Gabdos yana kudu da Kirit, babban tsibirin Girka, kusan kilomita 50 daga tashar jiragen ruwa ta Sfakiya da ke Kirit. Shi ne ƙarshen Turai ta kudu, bayansa sai teku har Libiya. Girmansa murabba'in kilomita 30 da 'yan kai, ƙidayar 2021 kuma mutum 142 ta samu, da sanyi ma ba sa kai haka. Duwatsu ne da yashi da 'yan itatuwa da awaki. Babu asibiti sai ɗan ɗakin shan magani. Jirgin da ke kai musu kaya, in iska ta taso, sai ya yi kwanaki bai leƙo ba. A shekarun 1930 can gwamnatin ƙasar nan take jefa 'yan kwaminis don su yi nisa da jama'a. Wurin da hukuma ta zaɓa don horon mutane, yau shi yaranmu suke sayar da gonar gado don su taka!

Dalili kuwa, daga Tubruk da ke gaɓar tekun Libiya zuwa can kusan kilomita 300 ne, shi ya sa masu safarar mutane suka karkato ta nan. Daga Tubruk ɗin nan jirgin da ya nutse kusa da garin Filos na Girka a watan Yunin 2023 ya taso, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Mutanen Gabdos, mu faɗi gaskiya, suna ba da ruwa da abin da suke da shi, amma akwai ranar da baƙin da suka sauka sun fi su yawa. Daga nan sai a kwashe su zuwa Kirit.

Ga abin da ya hana ni barci. A watan Yulin 2025 majalisar Girka ta dakatar da karɓar takardar neman mafaka har wata 3 ga duk wanda ya shigo ta teku daga Arewacin Afirka. Dokar ta ce tsarewa za a yi, a nemi mayar da mutum. Yaron nan a cikin wannan dokar ya faɗo. Sai an sami lauya, sai wani ya hau jirgi ya je Kirit ya nemo inda aka ajiye shi. Da me? Da yawanku rabonsu da biyan kuɗin wata tun azumi.

Haba 'yan'uwa! Mu ne fa muka haɗa kuɗi muka kai gawa gida, sauran ƙungiyoyi suna mamaki. A gida, ɗan maƙwabci ya ɓata, unguwa ba ta kwanciya sai an gan shi. Me ya same mu a nan? Iyayenmu mata, ku kun biya naku, Allah Ya saka da alheri. Maza nake yi wa magana.

Sauran batutuwan taro a taƙaice: an biya hayar ɗakin taro, makarantar yara tana nan ranar Asabar, batun zaɓe sai zama na gaba.

Mai ƙani ko ɗa a Libiya ya kira shi yau, ya ce kada ya hau jirgin nan. Ma'aji ba zai iya riƙe littafi yau ba, mataimakinsa yana bakin ƙofa da shi. Ina kuma neman mutum biyu masu cikakkun takardu da jin Girkanci da za su tafi Kirit jibi. Wa zai ɗaga hannu?