Kwana uku da ba Yaya ƙodata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Delhi. Ku yi haƙuri da muryata, maƙogwaro bai gama sakewa ba tun bututun numfashin da aka sa mini. Yau kwana uku da aka cire ƙodata ta hagu aka dasa wa Yaya, ga ni kuma ina takawa da ƙafata a barandar asibiti. Alhamdu lillahi.

Bari in ɗaga riga ku gani. Ga huda uku nan, kowace ba ta wuce kan ɗan yatsa ba, an manne su da filasta. Wannan yankan na ƙasan cibiya kuwa, ta nan aka zaro ƙodar. Iska suke hura wa mutum har cikin ya tashi kamar ganga, su zura kyamara da dogayen almakasai, likita na kallon allo yana aiki. Ragowar iskar ce ta hana ni barci jiya da ciwon kafaɗa. Nas ta ce in yi ta tafiya, zai wuce.

Likitoci biyu ne suka zauna da ni kafin aikin. Ƙaramin ba ya ma son jin zancen tsaga ciki. Ya ce mai ba da ƙoda lafiyayye ne, don me za a yi masa dogon yanka a haƙarƙari, wani lokacin har a guntule ƙashi, ya kwashe makonni yana jinya? Shi ya ba ni labarin Ralph Clayman, wanda ya fara cire ƙoda ta huda a Amurka a 1990, da yadda aka fara yi wa mai ba da ƙoda irin wannan aikin a asibitin Johns Hopkins a 1995.

Dattijon da wuƙa ya koyi aiki. Bai ɓoye mini ba, ya ce shekaru ya yi yana ɗari-ɗari da sabuwar hanyar. Tsoronsa kada ƙoda ta daɗe ba jini kafin a fito da ita a sanyaya ta, ko a ji wa bututun fitsari rauni, mara lafiya ya kwana a ciki. Yanzu shi ma ta huda yake yi. Amma ya dube ni ya ce, "Ɗana, in jini ya ɓalle, ba zan tsaya kallon allo ba, buɗe ka zan yi in sa hannu." Wallahi maganar nan ce ta kwantar mini da hankali, a nan na ɗauki biro na sa hannu a takarda. Na fi yarda da likitan da ya iya hanyoyin biyu, wanda ba ya jin kunyar komawa tsohuwar.

To, ga ɗakin Yaya can. Sai da takunkumi ake shiga, kuma ba a yarda da kyamara ba. Tun daga ƙofa ina hango jakar fitsarinsa ta kusa cika, mutumin da ya shekara biyu a kan injin wankin ƙoda. Bari in kashe in kira Inna a Kano ta ji muryarsa.