Zaren fitilar LED yana zafi ko haskensa na disashewa? Ga inda za ku duba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Wannan zaren LED da kuke gani a kan tebur, wani maƙwabcina mai shagon aski ne ya kawo mini shi. Wata biyu kacal da sakawa, ƙwayoyin sun dushe, wasu sun mutu, gam ɗin bayansa ya saki. Ya ce jabu aka sayar masa. Na ce Malam, bari mu auna tukuna.

To, mu fara da adafta. Wannan zaren na bolt 12 ne, irin wanda ake kira 5050, mai ƙwaya 60 a kowace mita. Mita ɗaya tana cin wajen wat 14.4, mita biyar ke nan wat 72. Ku raba 72 da 12, am 6 za ku samu, wato yawan wutar da zaren yake ja. Yanzu ku karanta jikin adaftar da ya sa: am 2, irin ta dikoda. Shi ya sa take ɗaukar zafi kamar dutsen guga, fitilar kuma tana ƙyaftawa. Ko mai am 6 daidai ban yarda ku saya ba. Ku bar mata sarari na kashi 20 cikin ɗari, ku nemi mai am 8 ko 10.

Amma ba adaftar ce ta kashe ƙwayoyin ba. Da na ƙara tambayarsa, sai ya ce idan an ɗauke wuta yana haɗa zaren kai tsaye da batirin solarsa. Nan fa ɓarnar take, kuma don Allah ku saurara da kyau, domin mutanenmu da yawa haka suke yi. Sunan batirin na bolt 12 ne, amma da rana yana caji yakan kai 14.4. Ku matso ku ga zaren: kowace ƙwaya uku suna jere da ɗan rizisto, wato abin da ke taƙaita wutar da ke ratsa su. Ƙwayoyin suna ɗaukar wajen bolt 9, ragowar 3 tana kan rizisto. Idan batiri ya hau 14.4, abin da ke kan rizisto ya kai wajen 5, wutar da ke ratsa ƙwayoyin ta kusa ninkawa. Ido zai ga haske ya ƙara kyau, mai shago yana murna, alhali ƙwayoyin dahuwa suke yi. Ku haɗa wannan da zafin watan Afirilu a ƙarƙashin rufin kwano.

Maganinsa shi ne ku sa ƙaramar na'urar daidaita wuta tsakanin batiri da zaren, ku ɗora mitar awon wuta, ku tabbatar bolt 12 take fitarwa. Ni har 11.5 nake saukewa, hasken bai ragu sosai ba, zafin kuwa ya faɗi. Ku sa fiyus kusa da batiri, domin batiri idan waya ta haɗu gobara ce.

Sai wurin mannawa. Katako da silin roba ba sa janye zafi, ku manna shi a kan falle ko kwarin alminiyam. Kada kuma ku bar shi a kunne yana naɗe a faifansa.

Idan farkon zaren yana haske ƙarshensa ya dushe, wutar ce take raguwa a hanya, saboda tagullar ciki siririya ce. Ga mitar awon wuta: nan farko 12, can ƙarshe kun ga ta sauka. Kada ku jona fiye da mita biyar a jere. Ku ja waya mai kauri daga adafta zuwa ɗaya bakin, ja da ja, baƙa da baƙa, wuta ta shiga ta gefe biyu.

Bayan kun gyara, ku bar shi a kunne rabin sa'a, sannan ku ɗora yatsa a kan alminiyam ɗin da wurin haɗin waya. Ɗumi ba laifi. Idan yatsa ya kasa zama, ku kashe, ku sake ɗauko mita.