Yadda Ake Gano Gwajin Nukiliya Daga Motsin Ƙasa

Masu kallo, ranar 3 ga Satumba, 2017, Koriya ta Arewa ta tayar da bam ɗin nukiliya a ƙarƙashin dutsen Mantap, a filin gwajinta na Punggye-ri. Cikin mintuna kaɗan na'urorin auna girgizar ƙasa a sassan duniya suka ji motsin, ƙarfinsa kuwa ya haura 6 a ma'auni. Bayan kamar minti takwas da rabi sai wata ƙaramar girgiza ta biyo baya a wurin, wadda masana suka danganta da ruftawar ramin da bam ɗin ya buɗe. Jin babban gwaji irin wannan abu ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen sanin ainihin inda ya faru, da kuma raba shi da girgizar ƙasa ta halitta, wadda ake samu birjik kowace rana.

Duk abin da ya girgiza dutse yana aika igiyoyi cikin ƙasa. Igiyar P ce kan gaba: tana matse dutse tana sakinsa, tana gudun kamar kilomita 6 a daƙiƙa a ɓawon ƙasa, kusan 8 a can ƙasansa. Igiyar S tana karkaɗa dutse gefe da gefe, gudunta wajen kilomita 3 da rabi. Na ƙarshen isowa su ne masu bin doron ƙasa.

Masu sauraren igiyoyin nan dare da rana su ne tashoshin hukumar CTBTO, mai kula da yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya ta 1996. A tsarinta akwai manyan tashoshin girgizar ƙasa 50 masu aika bayanai ba tsayawa, da ƙarin 120 da ake neman bayanansu in buƙata ta taso. Duka suna tura abin da suka ji zuwa cibiyar bayanai a birnin Biyana na Ostiriya.

To, yaya ake gano wurin? Ana duba lokacin da igiyar P ta isa kowace tasha, sai kwamfuta ta nemo wuri da zurfi da lokacin da suka fi dacewa da dukkan lokutan. Da yake wuri lamba biyu ne a taswira, abubuwa huɗu ake nema ke nan, don haka tashoshi kaɗan ba su wadatar da aikin, musamman idan duk sun taru a gefe ɗaya. Idan tashar tana kusa, tazarar da ke tsakanin isowar P da S tana ba da nisa: a ninka daƙiƙoƙin da kamar 8, a sami kilomita.

Da yawa daga manyan tashoshin jeri ne na na'urori da aka baza a fili mai faɗin kilomitoci, irin na Yellowknife a Kanada da Warramunga a Ostareliya. Igiyar takan riski wata na'urar kafin wata, wannan ɗan bambanci kuwa shi ke nuna ɓangaren da ta fito. Haɗa bayanansu kuma yana danne hayaniyar iska da teku. Na'urori 25 kan fito da sigina fili kusan ninki 5.

Kuskure yakan shigo ne ta ƙasar kanta. Dutse mai sanyi da tauri yana gudu da igiya, mai zafi yana rage mata sauri, kuskuren daƙiƙa ɗaya tak kuma yana iya kauce wa wurin da kilomitoci. Wannan babban al'amari ne, domin yarjejeniyar ta taƙaita filin da masu bincike za su iya shiga su duba ga murabba'in kilomita 1,000. Maganinsa shi ne a gyara lissafi da fashewar da aka riga aka san wurinta. Haka aka yi da gwaje-gwajen Koriya ta Arewa guda shida daga 2006 zuwa 2017: da aka ɗora siffar igiyoyin wani a kan na wani, an san tazarar da ke tsakaninsu har zuwa 'yan ɗaruruwan mita.

Yanzu ga muhimmin ɓangaren, wato tantancewa. Zurfi ne matata ta farko. Ramukan gwaji ba su wuce 'yan kilomita kaɗan ba, saboda haka abin da aka tabbatar ya faru a zurfin da ya haura kilomita 10 ana ajiye shi gefe. Daga nan a duba yadda motsin ya fara. Girgizar ƙasa zamewar dutse ce a kan tsaga, wasu tashoshin su ji turi, wasu su ji ja. Fashewa kuwa turi take yi ta ko'ina lokaci guda. Saboda haka tana haifar da igiyar P mai ƙarfi, amma S da masu bin doron ƙasa su fito da rauni. Masana kan auna ƙarfin abin sau biyu, da igiyar P sannan da igiyoyin doron ƙasa. Idan na farko ya zarce na biyu sosai, zato ya karkata ga fashewa.

Wannan hanya tana gaza wa ƙananan motsi, domin igiyoyin doron ƙasa kan ɓace cikin hayaniya. A nan sai a koma kwatanta ƙarfin P da na S a tashoshi na kusa, a kan igiyoyi masu saurin kaɗawa. A watan Agusta na 1997 an ji motsi kusa da filin gwajin Rasha na Novaya Zemlya, aka yi zargin gwaji ne, bincike ya nuna girgizar ƙasa ce a ƙarƙashin Tekun Kara. Fasa dutse a ma'adinai ma yana ruɗarwa, sai dai can ana tayar da nakiyoyi bi da bi, wannan kuwa yana barin alama a igiyar.

Ƙiyasta girman bam ya fi komai santsi. Kilotan ɗaya, wato ƙarfin tan dubu na nakiyar TNT, a dutse mai tauri yakan ba da girgiza mai ƙarfin 4 ko ɗan sama, amma busasshiyar ƙasa mai laushi tana shanye motsin. Ana ma iya ɓoye shi da gangan. A 1966 Amurka ta tayar da ƙaramin bam a cikin kogon gishirin da gwajin 1964 ya bari a Mississippi, siginar ta ragu kusan ninki 70. Sai dai haƙa kogon da zai ɗauki babban bam ba tare da an gani ba aiki ne ja.

Akwai abu ɗaya da igiyoyi ba za su taɓa faɗa ba. A 1993 an tayar da nakiyoyi na yau da kullum masu ƙarfin kusan kilotan ɗaya a jihar Nevada ta Amurka, igiyoyinsu suka fito tamkar na nukiliya. Shaidar nukiliya tana zuwa ne daga iska, ta tashoshi 80 da aka tsara don kama ɓurɓushin da ke fita daga irin wannan fashewa. Bayan gwajin Koriya ta Arewa na Oktoba 2006, an ji iskar zenon, wadda fashewar nukiliya ke fitarwa, a Yellowknife cikin kamar mako biyu. Bayan na Fabrairu 2013 kuwa, sai da aka yi kwana 55 kafin tashar Takasaki a Japan ta kama ta, aka bi hanyar da iska ta kaɗo ta har zuwa yankin da igiyoyin ƙasa suka riga suka nuna.