Katakon bara ya zama katakon ƙwallo

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamaina, 'yan uwa maza da mata, sannunku da haƙurin zama.

An ce in yi magana kan amfanin wasanni ga waɗanda al'umma ta bari a baya. Suna da yawa, ni dai guragu zan ɗauka.

Kowa a nan ya san katakon nan mai ƙananan tayoyi, wanda gurgu yake hawa a bakin danja, ya zura hannuwansa cikin silifa yana kutsawa tsakanin motoci. Da yawansu shan-inna ce ta kama su tun suna goye. Ba mu manta ba, a 2003 an dakatar da rigakafi a Kano har kusan shekara guda, cutar ta sake yaɗuwa. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Alhamdu lillahi. To amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu fa? Suna nan tare da mu, sun girma, wasu har da iyali.

A 1988 wani bawan Allah, Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma shan-inna ta taɓa, ya dubi katakon nan ya ga abin da mu masu ƙafafu ba mu gani ba. Ya ƙirƙiro ƙwallon guragu, wadda ake kira para-soka. A kan katakon ake zama, da hannu ake gudu, da hannu ake bugu, a fili mai daɓen siminti. A Nijeriya aka haifi wasan nan, ba daga waje aka kawo mana ba.

Ranar da na fara kallo, wallahi ban shirya wa abin da na gani ba. Gudu kamar iska, karo, faɗuwa, tashi, gardama da alƙalin wasa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ihun 'yan kallo. Sunan yaro suke kira! Ku yi tunani, jama'a. Mutumin da a titi ba shi da suna sai "gurgu", wanda ake miƙa wa naira hamsin ba tare da an dubi fuskarsa ba, yau ga ɗaruruwan mutane sun san sunansa, sun san lambar rigarsa, in ya ɓarar da ƙwallo ma har faɗa suke yi masa. Faɗan nan ya fi masa tausayinmu daɗi, domin ba a yi wa mutum faɗa sai an sa rai da shi. Kuma in bai zo atisaye ba, abokansa za su bi shi gida su ji ko lafiya. Wanda ya saba wuni shi kaɗai a rana ya san darajar wannan.

Ga lafiyar jiki: ƙirji ya buɗe, damatsa su yi ƙarfi, barci ya zo da daddare.

Masu cewa wannan wasan yara ne, ga lissafi. A gasar Olamfik ta 2016 a Rio, tagulla ɗaya tak Nijeriya ta samo. A gasar nakasassu da ta biyo baya a birnin, 'yan wasanmu sun dawo da lambobi 12, takwas daga ciki zinare. Lucy Ejike, mai ɗaga nauyi, wadda shan-inna ta zaunar a keke tun tana ƙarama, tana cikin masu zinaren.

Yanzu ga roƙona, musamman ga shugabannin makarantu da na ga sun halarta. Tayar katako ba ta tafiya a yashi. Filin kwando ko na ƙwallon hannu da ke makarantunku, a kulle yake wuni ranar Asabar. Ku ba su mabuɗi, ko na awa biyu ne bayan la'asar. Akwai biyu daga cikin 'yan wasan a bayan ɗakin nan, in mun tashi ku tsaya ku gaisa, su za su faɗa muku ranar da ta fi musu.