Idan Tagogin Fulogin Sun Cika Maka Allo Lokacin Miksin

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da warhaka. Ku ƙaddara allon kwamfuta ne a gabanku. Waƙa ce guda ɗaya a cikin FL Studio, manhajar haɗa kiɗa, amma ina mikisa take, wato wurin da ake daidaita sautin kowane layi? Ta ɓace. Tagogin fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, sun rufe ta: EQ (mai ƙara ko rage kauri da kaifin sauti) na babbar murya ya hau kan kwamfuresa (mai matse sauti ya daidaita ƙarfinsa), kwamfuresa ya danne Auto-Tune (mai gyara karin murya), ga ribab (mai sa sauti ya yi amsa-kuwwa) can a lungu ya leƙo da kunne ɗaya. Mawaƙi yana zaune a bayanka yana cewa a ɗan ɗaga masa amshi, kai kuma kana ta jan tagogi gefe kana neman inda layin amshin ya shiga. A kan wannan rikicin na lokacin miksin, wato daidaita sautukan waƙa, za mu yi magana yau.

Mu fara da abin da ya fi haɗari, domin ɓata lokaci ƙaramin abu ne a kansa. Idan ka buɗe Fruity Parametric EQ 2 guda uku a lokaci ɗaya, kamanninsu ɗaya ne sak. Kana nufin rage kaurin murya, ashe tagar da ke gabanka ta bas ce, wato kiɗan nan mai kauri na ƙasa. Ka yi ta yanka, muryar ba ta canza ba, sai ka ƙara yanka. Kafin ka farga bas ya rame, kiɗan ya zama ba nauyi, kuma ba ka san daga inda matsalar ta faro ba. Saboda haka aikin farko ba a taga yake ba, a mikisa yake: kowane layi ka sa masa suna da launi. Danna layin, ka buga F2, ka rubuta "babbar murya", "amshi 1", "kik" (babbar ganga), "bas". Da zarar ka yi haka, ka saba wa idonka da duba saman kowace taga da layin da aka zaɓa kafin hannunka ya taɓa komai.

To, yanzu maɓallan. F9 na buɗe mikisa ya kuma rufe ta. F5 na jerin waƙar ne, F6 na kayan kiɗa, F7 na fiyano. F12 kuwa share fage ne, yana rufe komai da komai. Amma wanda na fi so ku riƙe shi ne Alt da F12 tare: tagogin fulogin kaɗai yake kwashewa, ya bar maka mikisa da jerin waƙa yadda suke. Akwai kuma Ctrl da F12, wanda ke rufe duk tagogin da ba a kansu kake aiki ba, ya bar wadda ke hannunka. Kana dannawa, sai ka ga allon ya sarara.

Wani zai ce, idan na rufe taga, ai fulogin ya daina aiki. A'a. Taga fuska ce kawai. Sautin yana ci gaba da bi ta cikinsa ko ka gan shi ko ba ka gan shi ba. Kashe shi daban ne: wannan ɗan koren hasken da ke gefen kowane gurbi a mikisa, shi ne makunnin. Kowane layi yana da gurbi 10, kuma danna sunan fulogin a gurbinsa yana buɗe tagar, sake dannawa ya rufe ta.

Sai dai rufewar tana rage wa kwamfuta wani nauyin na daban. Duk wata taga mai zanen da ke motsi, irin mai nuna tashi da saukar sauti, ko allurar da ke rawa a jikin kwamfuresa, kwamfuta ce ke sake zana ta sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. A babbar na'ura ba za ka ji komai ba. A ƙaramar laftof mai allon 1366 da 768, wadda yawancinmu muka fara da irinta, tagogi bakwai masu rawa sun isa su sa maus ya fara jan ƙafa. Idan kuwa sautin kansa ne ke kakkaryewa, rufe tagogi ba zai wadatar ba. Ka shiga Tools, ka je Macros, ka kunna smart disable ga dukan fulogin, domin wanda ba sauti ke shiga cikinsa ba ya huta. Ka dai saurari wutsiyar dile (mai maimaita sauti) da ribab bayan ka kunna, wani lokaci yakan datse ta.

Yanzu tambayar da ta fi muhimmanci: taga nawa ya kamata su kasance a buɗe? Ni a wajena, gwargwadon hukuncin da kake yankewa a wannan lokacin. Kana gyaran murya ita kaɗai, taga ɗaya ta isa. Kik da bas suna rigima a ƙasa, a nan kana da hujjar buɗe biyu, EQ na kik a hagu, na bas a dama, ka rage wa wannan inda ka bar wa wancan. Ka gama, ka rufe su duka. Tela mai hankali ba ya zube duk yadin da ke shago a kan tebur alhali riga ɗaya yake yankawa. Masu FabFilter Pro-Q 3, wanda shi ma EQ ne, sun samu sauƙi, domin daga cikin taga ɗaya yana iya nuna maka zanen sautin wani layin da shi ma aka ɗora masa Pro-Q, har ya haska inda suke cin karo. Ka ga ta biyun ma ba lallai ba ce.

Kuma akwai abin da ido ke yi wa kunne wanda ba a cika faɗa ba. Ka ɗaga wani wuri a EQ, ka ga tudu ya tashi a zane, sai zuciyarka ta ce wannan ya yi yawa, ka mayar da shi, alhali kunne bai yi ƙorafi ba. Ko ka ga allurar kwamfuresa tana motsi da kyau, ka yarda aiki ya yi, muryar kuwa ta shaƙe. Wanda zai ji waƙar nan a waya, ko a cikin Adaidaita Sahu, ko a lasifikar gidan biki, ba zai ga zanen komai ba. Shi ya sa bayan kowane gyara nake so ka buga Alt da F12, ka koma baya kaɗan a waƙar, ka saurara da allo a share. Idan za ka iya, ka kawar da kai daga allon ma baki ɗaya. Sannan ka kashe fulogin ɗin da koren hasken nan, ka sake kunnawa, ka ji ko da gaske ya ƙara wani abu, ko kuwa ƙara kawai ya ɗaga.

Hanya mafi sauƙi ta rage tagogi ita ce rage fulogin ɗin kansu. Kana da layin amshi shida, kowanne ka ɗora masa nasa ribab, to ka haifar wa kanka tagogi shida, kuma duk canjin da za ka yi sai ka yi shi sau shida. Ware layi ɗaya, ka sa masa suna "ribab", ka ɗora Fruity Reeverb 2 a kai. Sai ka zaɓi kowane layin amshi, ka danna 'yar kibiyar da ke ƙasan layin ribab ɗin, ka daidaita yawan abin da kake turawa. Taga ɗaya, kuma muryoyin za su ji kamar a ɗaki ɗaya aka rera su. Haka za ka haɗa su a layi guda ka matse su da kwamfuresa ɗaya.

Wanda Allah ya hore wa allo na biyu, ko da tsohuwar talabijin ce mai HDMI, ya buɗe ɗan jerin da ke kusurwar hagu ta saman fulogin ya zaɓi Detached. Tagar za ta iya fita daga cikin FL Studio ta koma can. Abin da ya cancanci zama a can dindindin shi ne ma'aunin ƙarar da ke kan masta, wato layin da duk sautukan waƙar ke haɗuwa. Sauran su zo su wuce.

Ba kowa ke kan FL Studio ba, na sani. A Ableton Live, Ctrl da Alt da P na ɓoye tagogin fulogin ya kuma dawo da su, sannan a saituna akwai Auto-Hide Plug-In Windows, wanda ke nuna maka na layin da ka zaɓa kaɗai. A Logic harafin V ne. Pro Tools yana da wani jan akwati a saman taga: muddin yana kunne, duk fulogin ɗin da ka buɗe zai maye gurbin na baya, idan ka kashe shi tagar ta zauna. Studio One kuma ɗan fil yake da shi na kafe taga. Masu Cubase su nemi Workspaces, su ajiye tsarin allo ɗaya na ɗaukar murya, wani na miksin.

Abu na ƙarshe ga 'yan FL Studio. Idan ka lura duk sanda ka buɗe wani kayan kiɗa sai na baya ya rufe kansa, ba lalacewa ba ce. Saitin Auto select linked modules ne a cikin General settings. Mutane da yawa suna kashe shi don su tara tagogi. Ni shawarata ka bar shi a kunne, ranar da kake son biyu a buɗe sai ka riƙe Alt ka danna na biyun.